Ƙanena ya ajiye maganin asibiti ya koma sayen firednisolon da kansa, ku ba ni shawara

Hajiya Mariyama, Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan ƙanena, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana koyon kanikanci a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Tun bara yake fama da zawo mai jini da majina, cikin dare ya yi ta tashi, wani lokacin ma ba ya kaiwa bayi. An yi masa na basir, an yi na atini, Flagyl kuwa ya sha har bakinsa ya koma ɗaci. Daga baya aka tura mu Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye, aka leƙa hanjinsa da kyamara, aka gutsiri nama aka kai gwaji. Likita ya ce kolaitis ne mai gyambo, babban hanjin ne ya kumbura yana miki. Aka ba shi firednisolon da zai riƙa ragewa, da mesalazin da aka ce zai ci gaba da sha ko ya warke. Ya samu sauƙi sosai har ya koma aiki. Ashe da ya ga mesalazin ɗin da tsada, kuma a ganinsa ba ya yi masa komai, sai ya ajiye. Da jinin ya dawo sai ya je kantin magani ya sayi firednisolon, ya sha shida ko takwas a rana. Watanni ke nan yana haka, in ya rage jinin ya dawo sai ya ƙara. Yanzu fuskarsa ta yi suntum, ga kuraje a baya, cinyoyinsa sun tsotse, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ba ya barci, abu kaɗan sai faɗa. Yau na tsinci kwalin a aljihun rigar aikinsa na ɓoye. Niyyata in zuba shi a kwata. Me kuka gani?

Fusaini, famasis, Tafo:
Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah kada ki zubar, ki mayar masa yanzu ya sha na yau. Zan yi bayani amma wannan ne na gaggawa.

Alhaji Sule, Alabar:
Allah ya ba shi lafiya. Hajiya, wannan basir ne mai jini, asibiti ne kawai suke ba shi sunan Turanci. Akwai wani dattijo da nake karɓar sassaƙe a wajensa, ana sha kuma ana ɗurawa ta dubura da bentuwa, 'yar robar ɗurin nan, da citta da ɗan barkono a ciki. Ni shi ya raba ni da nawa. Ki yi min magana ta gefe.

Fusaini, famasis, Tafo:
Dalilin da na ce kada a zubar: jikin mutum yana da wasu 'yan ƙulli biyu a saman ƙoda da suke fitar da sinadarin da ke riƙe hawan jini da sukari da ƙarfin jiki. Firednisolon kwaikwayon wannan sinadarin ne. In mutum ya wuce mako 3 yana sha, ƙullin nan sukan daina aiki tunda ana kawo musu daga waje. Ranar da aka yanke maganin kwatsam sai jiki ya rasa na waje ya rasa na ciki: kasala, amai, jiri, jini ya faɗi ƙasa, mutum ya suma. Yana kisa. Shi ya sa a asibiti ake farawa da miligiram 40, ƙwaya takwas ke nan masu miligiram 5, a riƙa cire ƙwaya ɗaya kowane mako har a gama cikin kamar mako 8. Ƙanenki da ya yi watanni, likita ne zai tsara masa yadda zai sauko, watakila ma a hankali fiye da haka. Ki kai shi cikin makon nan, ku tafi da kwalin, ya faɗi gaskiyar adadin da yake sha. A auna masa sukari ranar, ƙishirwa da fitsarin nan ba su kwanta min ba.

Hajiya Mariyama, Aboabo:
Innalillahi. Na aika yaro ya kai masa.

Sista Rabi, nas, Asawase:
Alhaji Sule, da girmanka, amma bentuwar nan a bar ta. Ni na sha tsayawa a ɗakin da ake yin kyamarar hanji. Lafiyayyen hanji za ka gan shi sumul, jijiyoyin jini suna bayyana a jikinsa. Na mai kolaitis kuwa ja ne jawur, kyamarar ma in ta goge shi kaɗan sai jini ya tsatso. A wannan wurin za a ɗura citta da barkono? Bakin bentuwar kansa yana iya huda shi. Basir jijiyoyi ne a bakin dubura, jininsa yakan biyo bayan bahaya ko ya ɗiga daban. Wannan kuwa jini da majina a cakuɗe suke da zawon, yana tada mutum daga barci, kuma an riga an gani da ido an gwada nama.

Alhaji Sule, Alabar:
To Sista, kakanninmu da ba su da kyamara da me suka rayu? Ni dai abin da na gwada na faɗa.

Sista Rabi, nas, Asawase:
Naka ya yiwu basir ɗin ne, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Nasa ba shi ba ne.

Iliyasu, Sawaba:
Ni fa bari in faɗi abin da kowa ke kewaye wa. Yaron nan ba mahaukaci ba ne. Ɗan koyo ne a Magazin, abin da maigida ya ba shi da yamma shi ne abincinsa. Firednisolon da canjin aljihu za ka saye shi kuma gobe ka ga aiki. Ɗayan kuwa sai ka zaga Adum kana tambaya, in ka samu kuɗin wata guda ya tsorata ka, ka sha kuma ba ka ji komai ba. Ku masu ilimi kullum "je ka ga likita", likitan zai biya masa ne? Ku faɗa mana abin da talaka zai yi.

Adiza, Nima:
Yaya Iliyasu ka yi gaskiya a maganar kuɗi, amma "ba ka ji komai ba" ɗin nan ita ce aikin maganin. Ni kolaitis ɗin nan nake da shi, a asibitin Korle Bu ake duba ni, shekaru ke nan. Mesalazin ba a jin sa. Ranar da ka tashi ka je kasuwa ka dawo ba ka nemi bayi a hanya ba, shi ne ya yi aikinsa. Firednisolon kuma yana sa ka ji kamar ka fi kowa lafiya, ga ci, ga ƙarfi, amma ba ya hana ciwon dawowa ko kaɗan. Likitana ya gaya min tun farko cewa an gwada an tabbatar ba ya riƙe sauƙi, kwantar da tashin ciwo kawai yake yi.

Fusaini, famasis, Tafo:
Hajiya, tunda bakanike ne ki gaya masa da yarensu: lagireto ne ke yoyo, shi kuma yana ta ƙara ruwa yana tafiya maimakon ya liƙe. Motar za ta tashi kowace safiya har ranar da inji zai ƙone.

Iliyasu, tambayarka tana da amsa. Akwai salfasalazin. Tsohon magani ne, wata likita 'yar Suwidin, Nanna Svartz, ce ta fito da shi wajen 1940, kuma mesalazin daga jikinsa aka ciro shi. In ya isa babban hanji ƙwayoyin bakteriyar da ke wurin sukan raba shi biyu, rabi ɗaya shi ne mesalazin ɗin. Ga kolaitis yana aiki sosai, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Matsalarsa ɗaya rabin, sinadarin salfa, shi ke kawo ciwon kai da tashin zuciya, shi ya sa ake farawa da kaɗan bayan cin abinci a riƙa ƙarawa. Yana mayar da fitsari ruwan lemo, wannan ba komai ba ne. Ana haɗa shi da folik asid. Wanda Septrin ya taɓa fesa wa kuraje ba ya shan sa. Kuma mu nan dole a yi gwajin G6PD tukuna, domin masu ƙarancin wannan sinadarin suna da yawa a cikinmu, musamman maza, kuma salfa yana iya farfasa musu jini, ido ya yi rawaya fitsari ya yi baƙi. Abin da zai yi shi ne ya buɗe baki ya ce wa likita, ba ni da kuɗin wancan, akwai mai sauƙi? Marasa lafiya da yawa kunya ke hana su faɗin haka, su karɓi takarda su ce to, su fita su ninke ta a aljihu.

Iliyasu, Sawaba:
Yawwa, yanzu ka yi magana. To me ya hana a rubuta masa shi tun farko?

Fusaini, famasis, Tafo:
Mesalazin ya fi sauƙin ɗauka a jiki, shi ya sa ake fara zaɓarsa. Akwai kuma abin da ya shafi samari: salfasalazin yana rage ƙwayoyin haihuwa a maniyyi muddin ana shan sa. Yana komawa daidai wata 2 zuwa 3 bayan an daina, ba ya taɓa ƙarfin namiji, amma mai neman haihuwa ya kamata ya sani.

Hajiya Mariyama, Aboabo:
Wannan kuwa in ya ji ba zai sha ba, an kai kuɗin gaisuwarsa.

Adiza, Nima:
Hajiya, a tambayi likita iya ina ciwon ya kai a hanjin, yana rubuce a takardar kyamarar. In a ƙasa ne kusa da dubura, akwai mesalazin na matsi, giram 1, ana sa shi da dare lokacin kwanciya. Mutanenmu ba sa son jin wannan, maza ma sun fi ƙi, amma yana zuwa kai tsaye inda mikin yake, kuma yawan jin bahaya ba a yi ba da wannan yunƙurin banza shi ya fi kashe su. Ko ciwon ya hau sama, haɗa na sha da na matsi ya fi na sha shi kaɗai. Na shan kuma kada ya tauna ko ya daka, rigar da ke jikinsa ita ke kai shi hanji bai narke a ciki ba. Ana iya shan na yini gaba ɗaya sau ɗaya. Kuma a riƙa duba ƙoda, kafin a fara, bayan wata 3, sannan shekara shekara.

Sista Rabi, nas, Asawase:
Akwai abin da ke ba ni tsoro a zancen nan fiye da kumburin fuska. Ba kowane jini da ya dawo ba ne tashin kolaitis. Mu a nan ga amiba, ga sauran ƙwayoyin atini, ga tsutsar tsargiya mai kama hanji ga wanda ya yi wanka a tafki ko rafi. Mai kolaitis ma yana kamuwa da su kamar kowa, waake ɗaya a bakin titi ya isa. In amiba ce ta kawo jinin mutum ya ɗora mata firednisolon, ya kwance wa jikinsa makami ke nan, tana iya cinye hanjin har ya fashe. Shi ya sa duk lokacin da ciwo ya tashi ake fara kai bahaya gwaji kafin a ba da maganin. Shi kuwa yana tsallake wannan kowane karo.

Sannan ku tambaye shi me yake sha in jikinsa ya yi tsami bayan aiki. Yaran Magazin na san su da dikulofenak da ibufurofen, wasu har haɗi ake ƙulla musu a leda.

Hajiya Mariyama, Aboabo:
Sista kamar kina gidan. Yana sha, musamman yanzu da yake kukan ƙugu.

Sista Rabi, nas, Asawase:
To ya daina yau. Irin waɗannan suna tayar da ciwon hanjin, kuma in aka haɗa su da firednisolon suna jawo gyambon ciki mai zubar da jini. Farasitamol zai sha. Ciwon ƙugun kuma a faɗa wa likita, kada a ɗauka gajiya ce, domin shan firednisolon da yawa yana iya kashe kan ƙashin cinya inda ya shiga ƙugu, irin abin da muke gani a masu sikila. Maganin tsayar da zawo irin Imodium shi ma ba a sha in ana zubar da jini da zazzaɓi, hanjin yana iya tsayawa ya cika da iska ya buɗe.

Bashiru, Hambog:
Salamu alaikum mutanen gida. Ni ɗan Asawase ne, nawa ciwon Kuron ne, ɗan uwan kolaitis, sai dai shi ko'ina yana kamawa daga baki har dubura, nawa ƙarshen ƙaramin hanji ya kama. Abin da zan ce, ku daina wahalar da yaro da tsofaffin ƙwayoyi. A nan allura nake yi wa kaina, adalimumab, miligiram 40 duk mako biyu a cinya, kamar biro take. Tun da na fara na manta da ciwon. In iyali za su haɗa kuɗi a nemo masa ita.

Iliyasu, Sawaba:
Ga shi nan, 'yan Jamus sun zo. Muna maganar wanda ya kasa sayen ƙwaya kai kana maganar allurar Turai.

Bashiru, Hambog:
Haba Iliyasu, tun 2018 wasu kamfanoni suka fara yin irinta a Turai, farashin ya sauko. Ni ma zan iya taimakawa, in wani zai taho gida in ba shi ya riƙo.

Fusaini, famasis, Tafo:
Bashiru, Allah ya saka da niyyar alheri, amma kada ka aiko da allurarka a yi wa wani. Ka tuna abin da aka yi maka kafin a fara?

Bashiru, Hambog:
An ɗauki hoton ƙirji, an ɗebi jini kwalba da yawa. Sun ce tunda daga Afirka nake sai sun duba tibi da ciwon hanta.

Fusaini, famasis, Tafo:
To ka gani. Adalimumab da infiliksimab, wanda ake ƙarawa ta jijiya duk mako 8, suna toshe wani sinadarin garkuwar jiki da ake kira TNF. Shi ne ke hura kumburin hanji, amma kuma shi ne ke tsare ƙwayar tibi a inda jiki ya killace ta. Da yawanmu muna ɗauke da ita tana barci ba mu sani ba. In aka toshe shi sai ta farka, kuma ba lallai a huhu ba, tana iya bazuwa jiki duka. Ciwon hanta nau'in B haka, ga shi ya yi mana yawa a ƙasar nan. Wani abin kuma, tibin hanji da ciwon Kuron kamarsu ɗaya a kyamara, wuri ɗaya ma suke son kamawa. Shi ya sa likitocinmu in sun yi shakka sukan fara ba da maganin tibi na wata 2 zuwa 3 su ga ko miki zai warke kafin su taɓa garkuwar jiki. Masu haƙuri kan ɗauka likita bai san aikinsa ba ne, alhali taka tsantsan ne.

Ga kuma ajiya. Allurar firiji take so, tsakanin digiri 2 da 8, kuma in ta daskare ta lalace. Humira, wato adalimumab ta kamfanin asali, an yarda ta zauna a waje har kwana 14 in zafin bai wuce digiri 25 ba. Wane ɗaki ne a Aboabo yake ƙasa da 25 da rana in an ɗauke wuta? Magani ne mai kyau ƙwarai ga wanda ya kai matakinsa, a hannun likitan hanji. Ƙanen Hajiya ko na farkon bai sha yadda ya kamata ba.

Adiza, Nima:
Tsakaninsu ma akwai mataki, wanda nake kai yanzu. Ƙa'idar da aka gaya min ita ce, in mutum ya buƙaci firednisolon sau biyu a shekara guda, ko ya kasa sauka ƙasa da miligiram 10 cikin wata 3, to maganin riƙonsa bai isa ba. Ni aka ƙara min azatayofirin. Da nauyin jiki ake auna shi, miligiram 2 zuwa 2.5 a kowane kilo. Ba ya aiki da sauri, sai ya yi kamar wata 3 kafin a ga amfaninsa, da yawa a nan suke yanke ƙauna su bari. Yana iya rage fararen ƙwayoyin jini ko ya taɓa hanta ba tare da ka ji komai ba, don haka gwajin jini a mako na 2, na 4, na 8, na 12, daga nan duk wata 3. Ranar da na ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ba na cewa maleriya ce in sayi magani, asibiti nake zuwa a duba maleriyar a duba jinin gaba ɗaya. Wanda ya san ba zai iya zuwa gwajin nan ba gara ya faɗa tun farko.

Fusaini, famasis, Tafo:
Ƙari a kan na Adiza: mai shan azatayofirin kada ya kusanci alofurinol, maganin gawut mai kumbura babban yatsan ƙafa, sai da sanin likitansa. Yana hana jiki narkar da shi, sai ya taru ya kashe ɓargo. Mai shan metotireksat kuma, wanda ake ba wasu masu Kuron, sau ɗaya ne a MAKO, ba kullum ba, kuma shi da Septrin ba sa haɗuwa. Na faɗi Septrin domin a gidajenmu ana ba da shi kamar goro, tari kaɗan a miƙo maka.

Malam Tanko, Yalwa:
Allah ya saka wa masu bayani. Na ga an ambaci maganin da ake sawa ta ƙasa, na san za a tambaya game da azumi. A mazhabarmu ta Malikiyya ɗurin ruwa ta dubura da rana yana karya azumi, sai an rama. Amma tunda an ce lokacin kwanciya ake sawa, babu matsala, a yi bayan tarawihi. Allurar da ba ta abinci ba mafi yawan malaman zamani sun tafi a kan ba ta karyawa. Wanda kuma ciwonsa ya tashi, yana zawo yana zubar da jini, Allah ya riga ya ba shi rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, ya sha ya rama in ya samu sauƙi. Ina ganin masu jin kunyar a gan su suna cin abinci sai su ƙuntata wa kansu har a kwantar da su, wannan ba taƙawa ba ce.

Adiza, Nima:
Na gode Malam. Ni in ina lafiya ina yin azumina, in haɗa mesalazin ɗin yini in sha da sahur. Mai firednisolon ma sahur ya fi masa, in ya sha da buɗa baki ba zai runtsa ba.

Hajiya Mariyama, Aboabo:
'Yan uwa mun je yau. Sukarinsa ya hau, jininsa kuma ya yi ƙasa. An karɓi bahaya, an rubuta hoton ƙugu, an tsara masa yadda zai sauko da firednisolon a takarda mako mako, da kalsiyam da bitamin D saboda ƙashi. Da na yi maganar kuɗi likitan ya ce ciwon a ɓangaren hagu yake, zai koma mesalazin na sha da na matsi, in ya gagara a duba G6PD a koma salfasalazin. 'Yan ɗakinmu mun yanke kowa zai riƙa turo nasa kuɗin ta waya farkon wata, maganin kuma a hannuna zai zauna.

Sista Rabi, nas, Asawase:
Madalla. Yayin da yake saukowa ki sa ido. In zawon jini ya kai sau 6 a rana tare da zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri, ko ciki ya kumbura yana ciwo in an taɓa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko amai ya hana shi riƙe ƙwayar, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku tafi ɓangaren gaggawa ko da tsakar dare ne.

Alhaji Sule, Alabar:
Allah ya ƙara sauƙi. Na shan dai ba na ɗurin ba, shi ma ba zai haɗa ba?

Fusaini, famasis, Tafo:
Alhaji, yanzu ana bin hantarsa da ƙodarsa da sukarinsa da gwaji. In aka ƙara abin da ba a san me ke ciki ba, lamba ta canza, ba za a san wanne ya jawo ba, sai a cire masa maganin da yake buƙata a banza. A bar shi da na takarda.

Memuna, Moshi Zango:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tun jiya nake karantawa. Ina da kolaitis, ina shan mesalazin da azatayofirin, kuma ina da ciki wata biyu. Uwar mijina ta ce in ajiye duk wata ƙwaya kada ta taɓa yaron. Na tsaya ban san abin yi ba.

Adiza, Nima:
Allah ya raba lafiya 'yar uwa. Kada ki ajiye. A kan waɗannan biyun na haifi autana. Abin da ya fi cutar da ciki shi ne ciwon ya tashi, shi ke kawo haihuwa kafin lokaci da jariri maras nauyi. Wanda aka hana mai ciki shi ne metotireksat, shi ana barinsa watanni kafin ma a nemi cikin. Ki sanar da likitan hanjinki, ki kuma sa a rubuta magungunan a littafin awonki. In da hali ki tafi da Inna ranar awo ta ji daga bakin likita, daga bakinki ba za ta karɓa ba.

Sista Rabi, nas, Asawase:
Haka ne. Ga wanda ke karantawa kuma matarsa allurar su Bashiru take yi: tana ratsa mahaifa ta zauna a jinin jariri watanni. Mu kuma a nan da an haihu ake yin BCG, allurar tibi ta kafaɗa, wadda ƙwayar cikinta mai rai ce. Irin wannan jaririn ana ɗaga masa ita aƙalla wata 6, in infiliksimab ne har shekara ake cewa. Dole uwa ta faɗa wa ungozoma tun kafin naƙuda, domin a ɗakin haihuwa ba mai tsayawa tambaya.

Memuna, Moshi Zango:
Na gode. Mijina yana so mu je Umara bayan na yaye, an ce sai da katin allurar zazzaɓin shawara. Ita fa?

Fusaini, famasis, Tafo:
Ita ma mai rai ce, ba a yi wa mai shan azatayofirin. Amma duba kayanki tukuna, in an taɓa yi miki kuma katin yana nan, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba a sabuntawa. In babu, likitanki zai rubuta miki takardar uzuri, ki kai wa ejan tun da wuri ya tabbatar za a karɓa. Ta sanƙarau da Saudiyya ke nema ba mai rai ba ce, wannan ki yi abinki.